Yadda Na Kawo Gulbi Cikin Gidanmu

Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya san kifi, amma a faranti ya san shi. In an ce kifi, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne soyayyar karfasa da yaji, ko bandar tarwaɗa a cikin miya, ko kuwa giwan ruwan nan da ake fitowa da shi ran bikin kamun kifi na Argungu. Saboda haka ran da na gaya wa mutanen gidanmu cewa ina so in ajiye kifi cikin akwatin gilashi, a riƙa kallonsa ba a ci ba, dariya suka yi har da riƙe ciki. Yayana ya ce, "To, in sun yi ƙiba ka sanar da ni, ni ke da man gyaɗa." Ban ga laifinsu ba, don ko ni a da haka zan ce. Yanzu kuwa abokaina da yawa a makaranta suna ta tambayata yadda na yi, shi ya sa na ga gara in rubuta labarin duka, daɗinsa da ɗacinsa, don wanda zai biyo bayana kada ya faɗa ramin da na faɗa.

Asalin abin, cikin dogon hutun 2023 aka sa ni in raka Kaka wani asibiti a duba mata idanu, don yana ta fara rufe su. A ɗakin jira na ga wani akwatin gilashi cike da ruwa, ga waɗansu jajayen kifaye suna ta kai da komowa a tsakanin furannin roba. Mun yi wajen awa uku muna jiran layi, amma wallahi ban san lokacin ya wuce ba. Kaka ma da ba ta gani sosai ta ce motsin nan da take hange ya kwantar mata da rai. Da muka komo gida na ari wayar Yaya na yi ta bincike. Nan na ga abin da ya fi na asibitin nesa ba kusa ba, wato akwatunan da aka shuka wa tsirrai masu rai, sai ka ce an yanko gefen gulbi an ɗora bisa tebur. Na ga ayyukan wani mutumin Japan mai suna Takashi Amano, wanda ya rasu a 2015, shi ne ya yi fice a duniya wajen irin wannan shuka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, cikin tsirran da ake sayarwa a shagunan Turai har da wani irin bado na Afirka ta Yamma, cikin kifayen kuma har da kurungu. Na ce a raina, ashe abin da muke tsallakewa a fadama shi waɗansu ke saye da kuɗi!

Na daɗe ina juya maganar kafin in tunkari Baba. Wata rana bayan sallar isha'i na same shi a zaure, na durƙusa na faɗi buƙatata. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can sai ya ce ya yarda, amma da sharaɗi uku. Na fari, ko kwabo ba zai ba ni ba. Na biyu, ran da ya ga sakamakon jarrabawata ya yi ƙasa, ran nan akwati zai bar gidan. Na uku, kada in tara masa sauro. Har na miƙe sai ya ce in koma in zauna, ya ce, "Tantabarun nan naka, in ka manta da su, sai su tashi su nemi abinci. Kifin da ka kulle cikin gilashi ba shi da inda za shi. Duk mai ran da ka tsare, kai za a tambaya." Na ce na ji. Amma gaskiya kunnena ne ya ji, zuciyata tana can wurin akwati.

Tantabarun nan su na sayar, goma cif, waɗanda na yi shekara biyu ina kiwo. Na kai kuɗin wurin wani mai tagogin alminiyam, ya yanka mini gilashi mai kaurin milimita 6, falle biyar, ya goge bakinsu don kada su yanki mutum. Tsawon akwatin santimita 60, faɗinsa 30, zurfinsa 30, wato zai ci lita 54, jarka biyu da ɗan ɗori ke nan. Muka haɗa shi da gam ɗin silikon, irin wanda ba a sa wa maganin fumfuna ba, don maganin guba ne ga kifi. Na bar shi mako guda ya bushe har warin tsamin nan ya fita, sannan na cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana biyu, na tabbata ba ya yoyo. Da yake kowace lita ta ruwa kilo guda ce, in an haɗa da yashi nauyin ya fi buhun siminti, teburin karatuna ba zai ɗauka ba. Sai na jera bulo huɗu a ɗakinmu na samari da ke kusa da zaure, na ɗora katako, na shimfiɗa siririn soso, sannan na aza akwatin. Har zuwa nan ban yi kuskure ba.

Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Wata Asabar cikin watan Oktoba na hau keke na nufi Kwalkwalawa, bakin Gulbin Rima, kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda masunta ke baje kifi. Na sami wani tsohon Basarke yana gyaran koma, na gaishe shi, na ce 'ya'yan kifi nake so masu rai. Ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, mi za ka yi da ɗiyan kihi?" Na gaya masa. Ya ce nawa nake so, na ce ya cika mini bokiti. Ya girgiza kai, amma ya ba ni 'yan karfasa goma sha biyu da 'yan tarwaɗa biyu, ya sa yaronsa ya tumɓuko mini bado da waɗansu ciyayi. Ina isa gida na zuba yashi, na cika akwatin da ruwan famfo na ran nan, na soka tsirrai, na juye kifayen gaba ɗaya. Yaran unguwa suka cika ɗakin, kowa na jefa abin da ke hannunsa, wannan burodi, wannan ƙuli-ƙuli, autarmu har da loma ta tuwo. Ni kuwa ina tsaye ina ta hura hanci.

Gari na wayewa na tarar karfasa sun tone yashin, sun tumɓuke tsirran duka, sun cinye masu laushin. Rana ta biyu ruwan ya yi fari kamar an dama koko, ya fara wari. Na ƙirga kifi na ga babu biyu, ashe tarwaɗa ce ke haɗiye su da dare. Rana ta uku sauran suka taso sama suna buɗe baki. Da na ga haka sai na zaci yunwa suke ji, na ƙara musu abinci. Kafin kwana biyar duk sun mutu, sai tarwaɗa guda, ita ma don Allah ya ba ta wata halitta a bayan kai da take shaƙar iskar sarari da ita. Autarmu ta yi ta kuka. Na kwashe su na binne a gindin zogale. Baba ya leƙo ya ga akwatin, ya dube ni, ya wuce bai ce uffan ba. Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Daren nan ban yi barci ba, ga tantabaru sun tafi, ga rayuka goma sha uku a wuyana.

Na ɗauki tarwaɗar da ta rage na mayar wa tsohon nan, na faɗa masa abin da ya faru. Bai yi mini dariya ba. Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Wanga ruwa naka sabo ne, bai nuna ba. Ko tabkin da damina ta cika jiya, ba ka iske kihi na jin daɗinshi sai ya kwanta, ciyawa ta kama. Kuma ka haɗa manomi da mahauci ɗaki guda. Karfasa tono ta sani, tarwaɗa haɗiya ta sani." Ya ce in ina so in sake, in fara da ƙasa da ciyawa, in manta da kifi tukuna.

Ran Litinin na tsaya bayan darasi na kai wa malaminmu na ilimin halittu maganar. Ya ja ni gaban allo ya zana mini abin dalla-dalla, sai ga shi maganarsa da ta Basarken ɗaya ce, harshe ne kawai ya bambanta. Ya ce ruwan famfo ana sa masa kilorin don kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa kilorin yana ƙona matsatsar kifi, wato jan abin nan na gefen kai da yake numfashi da shi, don haka sai an bar ruwan a buɗe kwana ɗaya ko biyu. Ya ce babban abin da ya kashe su kuwa shi ne amoniya, wani sinadari da ke fitowa daga jikin kifi da kashinsa da ruɓaɓɓen abinci. A gulbi ruwa na da yawa, kuma yana tafiya. A cikin akwati kuwa sai ya taru ya zama dafi. Masu kawar da shi waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, bakteriya, masu zama jikin yashi da duwatsu da ganye. Wani iri ya mai da amoniya naitirait, wanda shi ma dafi ne, wani iri kuma ya mai da naitirait naitiret, wanda ba shi da lahani sosai. Su tsirrai kuma duk wannan taki ne gare su. Amma bakteriyar nan ba sa yawaita rana ɗaya, sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Abin da tsoho ke nufi ke nan da ya ce ruwana bai nuna ba.

Malam ya ƙara da cewa wannan sani ya daɗe. Tun a 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya sa kifi biyu da tsiron ruwa da 'yan katantanwa cikin gilashi, ya nuna cewa suna iya rayar da juna, tsiro na ba kifi iskar oksijin da rana, kifi na ba tsiro taki da iskar da yake fitarwa. Shekara uku bayan haka, a 1853, gidan namun dajin Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko da jama'a ke shiga kallo. Ya ce kuma a 1999 wata Ba'amurkiya, Diana Walstad, ta fitar da littafi kan yadda ake shimfiɗa ƙasa ta gaske a ƙarƙashin yashi, a shuka tsirrai da yawa, a sa kifi kaɗan, ba sai da manyan injuna ba. Ya ce, "Wannan ita ce hanyar da ta dace da mai zama inda wuta ba ta tsayawa." Sannan ya ja mini kunne kan abu guda. Ya ce katantanwar tafki ita ke ɗauke da cutar tsargiya, kada in kuskura in shiga kududdufi neman tsiro, kuma duk tsiron da aka kawo mini in tsince katantanwa da ƙwanta tas kafin ya shiga akwati.

A farkon Nuwamba na sake sabon lale. Na wanke akwatin da ruwa zalla, ban sa sabulu ba. Na ɗebo baƙar ƙasar fadama daga inda ba a zuba taki ko maganin feshi ba, na shanya ta, na tankaɗe da rariya, na shimfiɗa kaurin yatsa biyu. A kanta na zuba yashin gulbi mai ɗan tsakuwa, wanda na wanke har sau bakwai sai da ruwansa ya fita garau, shi ma kaurin yatsa biyu, na ɗan tudunta shi ta baya. Na ajiye duwatsu uku, da guntun fasasshen tulu wanda zai zama kogo. Da zan zuba ruwa sai na kifa faranti a kan yashin, na riƙa tsiyaya a kansa a hankali don kada ƙasar ta tashi. Ruwan kuwa ya kwana biyu cikin jarka a buɗe.

Tsirrai iri uku tsohon ya aiko mini. Akwai ƙaramin kan bado guda, wanda na dasa a tsakiya ta baya, na bar samansa a waje don kada ya ruɓe. Akwai wata ciyawa mai laushi kamar wutsiyar mage, wadda ba ta da saiwa ko kaɗan, a cikin ruwa take yawo, tana kuma girma da sauri. Sai kainuwa, dashen Allah, wadda ke shawagi a sama tana sako farar saiwa ƙasa kamar gemu. Na duba kowane ganye gaba da baya, na kankare ƙwan katantanwa mai kama da majina, na bar su kwana uku cikin bokiti ina sake dubawa, sannan na shuka. Ya kuma haɗo mini da tafi guda na tsakuwar gulbi a jiƙe, ya ce in zuba ba tare da na wanke ba. Malam ya ce wannan ita ce irin bakteriya, kamar yadda ake zuba tsohon nono cikin sabuwar madara don ta kama.

Daga nan sai jira, kuma shi ne ya fi komai wuya. Mako biyar cur akwatin na zaune babu kifi ko ɗaya. Abokaina suka sa mini suna "Sarkin Ruwa mai kiwon ciyawa." A mako na farko tsofaffin ganyen bado suka narke, na ce shi ke nan, na sake faɗuwa. A na biyu sai ga sababbi jajaye suna ɓullowa. A na uku gansakuka ta rufe gilashin, don tagarmu gabas take kallo, hantsi na dukan akwatin har ƙarfe goma sha ɗaya. Na rataya ƙyalle na rage ranar, na goge gilashin da sabon soso, na bar kainuwa ta yi inuwa. Bayan kwana uku-uku nakan jefa ɗan mitsitsin abincin kifi don bakteriya su sami abin ci. Sauro kuwa, don cika alkawarin Baba, na rufe saman da ragar taga, ta kuma tare mini ƙurar hunturu. A mako na biyar ruwan ya yi garau kamar babu shi, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa yayyafi. In rana ta haska sai ka ga 'yan ƙananan kumfa suna tashi daga ganye. Iskar oksijin ke nan da muke karantawa a littafi, ga ta ina gani da idona.

Wannan karon tsohon na bari ya zaɓa. Ya tsamo mini waɗansu 'yan farare masu ƙyalli, dangin kawara, waɗanda ya ce ba sa wuce tsawon yatsa, ba sa tono, kuma a garke suke yawo. Uku kaɗai na fara ɗauka. Na sa ledarsu ta yi shawagi a cikin akwatin rabin awa don zafin ruwan ya daidaita, ina ɗan zuba musu ruwan akwatin cokali-cokali, sannan na tsamo su na saka, na zubar da ruwan ledar. Bayan mako biyu na ƙaro uku, bayan wani mako biyun na kawo ɗan kurungu guda, wanda ya shige kogon tulu ya mai da shi gidansa. Shi ne abin kallon yara, don in ya fito da magariba a rigingine yake iyo, ciki sama, baya ƙasa. Abinci sau ɗaya a rana, irin na masu kiwon tarwaɗa, na niƙa shi, ina ba su abin da za su cinye cikin minti biyu. Na rubuta a takarda na manna jikin bango cewa ba mai ba su abinci sai ni. Kowace Asabar nakan zuƙe kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da tiyo in zuba kwantaccen ruwa, tsohon ruwan kuma in ba Inna ta zuba wa zogale da na'ana'arta.

Na ɗauka na gama koyo, ashe da saura. Kowa ya tuna zafin da aka yi a ƙarshen azumin 2024, farkon watan Afrilu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, dare ma ba sauƙi. Aka ɗauke wuta kwana biyu, fankar da ke hura saman ruwan ta tsaya. Ni kuma saboda karatun jarrabawa na yi sakaci, kainuwa ta rufe saman ruwan ruf. Da aka tashe mu sahur na haska tocila, sai na ga kifayen duka a sama, sun cusa baki tsakanin ganye suna haki, har kurungun da ba ya fitowa. Gabana ya faɗi. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 34. Nan na tuna abin da Malam ya faɗa, cewa ruwa in ya yi zafi iskar da yake riƙewa raguwa take yi. Lita guda a digiri 20 tana riƙe wajen miligiram 9 na oksijin, a digiri 35 kuwa wajen 7 ne, ga shi kuma da dare tsirrai ba sa ba da iska, su ma shaƙa suke yi. Goshin asuba shi ne lokacin da iska ta fi ƙaranci a cikin ruwa.

Yaya ya ce a nemo ƙanƙara a jefa. Na ce a'a, sanyi farat ɗaya shi ma kisa yake yi. Na kwashe fiye da rabin kainuwar na watsar, na ɗauki moɗa ina ɗiban ruwan akwatin ina tsiyayo shi daga sama don ya haɗu da iska. Ina cikin haka sai na ji an karɓi tocilar daga hannuna. Baba ne. Ya ce, "Je ka ɗebo na randar uwarka, tun shekaranjiya yake ciki, yana da sanyi." Na rage ruwan akwatin, muka riƙa ƙara na randa kofi-kofi, muna jira tsakani. Da hannuna ya gaji, Baba ya naɗe hannun rigarsa ya karɓi moɗar, ya ce in je in sa wani abu a cikina kafin a kira salla. Na sha kunu a tsaye na dawo na same shi yana ta tsiyaya. Kafin assalatu kifayen suka fara komawa ƙasa. Guda ɗaya cikin fararen bai tashi ba, shida suka rayu. A hanyar masallaci Baba ya ce, "Wancan karon sun mutu kana barci. Wannan karon ka tashi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Bayan salla da kwana biyu ya dawo daga kasuwa ya miƙo mini wata 'yar leda. Ɗan injin hura iska ne, wanda ke aiki da batirin cajin waya. Mutumin da ya ce ko kwabo ba zai ba ni ba! Tun daga ran nan ba na barin kainuwa ta rufe fiye da rabin ruwa, in bazara ta yi kuma nakan lulluɓe bayan akwatin da jiƙaƙƙen buhu, in rage abinci, in kunna injin da dare. Kaka kuwa, bayan an yi mata aikin ido, kullum da hantsi sai ta sa a kai mata tabarma gaban akwatin, ta zauna da carbinta tana kallo. Ita ce ma ta fara lura kurungu ya yi wa kogonsa girma. Da damina ta ja baya a shekarar, na sa shi a bokiti na mayar da shi Kwalkwalawa, inda aka kamo shi. Raina bai so ba, amma akwatin ya yi masa kaɗan. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Yau na ga mai maido wa gulbi bashi."

A nan zan ja hankalin 'yan'uwana. Na mayar da kurungu ne don ɗan gulbin ne. Kifi ko tsiron da aka sayo daga wata ƙasa kada a kuskura a zuba shi a ruwanmu. Wata ciyawar ruwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda mutane suka yaɗa a duniya don kyanta, ta shigo ruwan Badagiri wajen 1984, ta bazu tana toshe hanyar jiragen ruwa da ta masunta a wurare da yawa na ƙasar nan.

Ga wanda ke sha'awa cikin ɗalibai, shawarata ita ce ya fara shuka kafin ya sa kifi, ya jira mako biyar ko shida ko da ana yi masa dariya, ya sa kifi kaɗan, ya ba su abinci kaɗan, ya kuma tambayi masu sani, na aji da na bakin gulbi, don matambayi ba ya ɓata. In ya san ba zai iya tashi da dare saboda su ba, to, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, in yaro ya zo da irin wannan buƙata kada a kore shi, a gindaya masa sharaɗi kamar yadda aka yi mini. Ni dai sakamakona bai yi ƙasa ba, a ilimin halittu ma hawa ya yi, don abin da ake zana mana a allo ina da shi a ɗaki. Ina fata wata rana ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu za ta kafa irin wannan akwati a ɗakin gwaje-gwaje, ni kuwa na ɗauki nauyin kawo kainuwa da bado kyauta.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ke hannunmu, amin.